Ƙararrawar Malama

Mako uku ke nan Malama ba ta furta ko kalma ɗaya ba. Ba wai maganar ce babu ba. Tana nan cike da kanta, a jere, kamar ɗalibai a ƙofar aji, amma duk wadda ta taso za ta fito sai ta tsaya cak a bayan haƙora. Hannunta na dama yana kwance a cinyarta kamar na aro, ƙafar dama ma sai an ja ta. Haka take tun ranar da ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo tana ɗauraye kofi.

Ranar Talata ɗanta, wanda kowa ke kira Lauya, ya turo ta a keken marasa lafiya zuwa ɗakin ƙarshe na barandar asibiti, inda ake koya wa masu shanyewar ɓarin jiki magana. Ɗan ƙaramin ɗaki ne. Teburi ɗaya, kujeru uku, madubi, sai zanen ƙwaƙwalwa a bango wanda rana ta cinye launinsa. Malama ta ƙura wa zanen ido. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana zana irinsa da alli a allon 'yan aji biyar, kuma ba yabon kai ba, nata ya fi wannan kyau.

Ma'aikaciyar ɗakin wata doguwar mata ce mai tabarau, ana ce mata Sista. Ta ja kujera ta zauna gab da Malama.

"Mama, ce 'ruwa'."

Malama ta tattaro duk ƙarfinta. Leɓɓa suka motsa, jijiyar wuya ta miƙe, abin da ya fito bai wuce "a... a..." ba. Hawaye ya cika mata ido.

Sista ba ta matsa mata ba. Sai ta kama hannunta na hagu, mai lafiyar, ta shiga bubbuga shi a kan teburi a hankali tana rerawa, murya sama, murya ƙasa: "I-na son ru-wa. I-na son ru-wa." Sau biyar, sau shida. A na bakwai sai ga wata murya ta biyo tata, a dishe, tana rawa.

"I-na son ru-wa."

Malama da kanta sai da ta firgita. Lauya, da ke tsaye a bakin taga yana latsa waya, ya juyo da sauri.

"Ta yi magana!"

"Ta yi waƙa," in ji Sista. Ta miƙe ta ɗora yatsa a kan zanen. "Duba nan, Lauya. Jini ya toshe a wannan ɓangaren na hagu. Hagun ƙwaƙwalwa shi ke juya daman jiki, shi ya sa hannun dama ya saki. A nan ɗin kuma ake harhaɗa magana kafin a aika wa harshe. To, wurin ya samu rauni. Amma waƙa ba ta dogara da shi kaɗai ba, tana da hanya ta ɓangaren dama, shi kuwa lafiyarsa ƙalau. Ta nan za mu zagaya. In tana rerawa kullum, sannu a hankali sai mu riƙa rage waƙar, maganar ta tsaya da ƙafarta."

"To hankalinta fa?" Lauya ya tambaya, ya rage murya.

"Hankalinta garau. Duk abin da ka faɗa tana ji, tana ganewa. Ka ma daina tambayata a kanta, ga ta nan a gabanka." Ta cire tabarau ta dube shi. "Abu ɗaya nake roƙo. Watannin nan na farko su ne masu tsada, a cikinsu ƙwaƙwalwa ta fi saurin buɗe sabuwar hanya. Ku kawo ta duk Talata da Alhamis. A gida kuma, duk abin da take so ku bar ta ta rera shi. Kada ku riga ta."

A mota, Malama tana kallon ƙeyar ɗanta tana murmushi da rabin bakin da ke yi mata biyayya. Ita za a gaya wa aikin waƙa? Wannan mai kwat ɗin da ke tuƙi, yana ɗan shekara shida ba ya iya cewa "Mama" sai ya buga ƙafa a ƙasa, idanu a rufe, saboda in'ina. Yara na binsa suna kwaikwayonsa. Ita ta zaunar da shi a kan cinya ta ce, "Babana, in ta ƙi fita, rera ta." Shekara biyu yana neman fensir da waƙa, yana kai ƙarar 'yan ajinsu da waƙa, ko sau ɗaya ba ta ce ya yi mata shiru ba. Yau ga shi da bakin yake cin abinci. Ta ce a ranta, ai in kowa bai gane ba, Babana zai gane.

Aka sa ta a ɗakin da ke manne da falo. Makonni uku na farko abin ya yi daɗi. Matar Lauya tana shigowa da safe, Malama za ta bubbuga hannun hagu a gefen gado ta rera, "Kin tashi la-fi-ya?" Matar ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Kai, Mama, ashe zabiya muke da ita a gida!" Daga ruwa aka kai shayi, daga shayi aka kai "buɗe taga". Wata Alhamis har ta rera wa Sista waƙar da ta ƙirƙira wa 'yan ajinta tun tana budurwar malama, daga farko har ƙarshe:

"Ƙwaƙwalwa a ƙoƙon kai,
laka a ƙashin baya,
jijiyoyi 'yan aike,
su kai, su komo da amsa."

Sista ta tafa mata. A ranar ne kuma kalmar "sannu" ta fito ita kaɗai, tsirara, ba waƙa a jikinta. Malama ta dawo gida tana ta juya ta a baki kamar alewa.

Sai ga wata Asabar. Lauya ya gayyato shugaban ofishinsu da matarsa cin abincin rana, don ana maganar ƙarin girma. Tun safe matar gidan take kicin, mai aikin da ke taimaka wa Malama kuma ta tafi hutunta. Wajen ƙarfe biyu fitsari ya matsi Malama. Ta daure. Ta bubbuga gado, ƙarar cokula ta danne. Ta daure har zufa ta karyo mata. Da ta ga za ta ɓata shimfiɗa, sai ta yi abin da aka koya mata. Ta buɗe murya irin ta mai aji sittin.

"A kai ni ban-ɗa-ki! Ba-ba-na, a kai ni ban-ɗa-ki!"

Falo ya yi tsit. Ta ji an ajiye cokali. Sannan muryar baƙuwar, cike da tausayin nan mai ciwo: "Ayya, Allah sarki. Ashe har kan ya taɓu?"

Malama ta kasa kunne. Ɗanta lauya ne, aikinsa ke nan, ya tashi ya kare wanda aka yi wa ƙazafi. Bayanin Sista bai fi jimla uku ba, kuma a gabansa aka yi shi.

"Tsufa ne da ciwo," in ji Lauya. "Sai dai haƙuri."

Matarsa ta shigo da gudu ta turo ƙofa. Ta kai Malama banɗaki ba ta ko dubi fuskarta ba.

Washegari Lauya ya shigo da ƙaramin kwali. Ya zauna a bakin gado, ya gaishe ta da ladabi, don shi ba ya wasa da gaisuwa. Ya fito da 'yar ƙararrawa ta tagulla mai mariƙin katako, ya sa mata a hannun hagu.

"Mama, ga wannan. Duk abin da kike so, ki kaɗa kawai, za a zo. Ba sai kin wahalar da kanki ba."

Ta girgiza kai. Ta ɗaga hannu za ta bubbuga gado, ya riƙe hannun a hankali.

"Mama, mutuncinki nake karewa. Ke fa Malama ce, rabin unguwar nan ɗalibanki ne. So kike a ce Malama ta zauce? Wallahi ba zan iya jin wannan ba."

Da yamma aka kwashe kayanta zuwa ɗakin baya, kusa da sito. Aka ce ya fi iska, ya fi shiru, mara lafiya yana bukatar hutu. Taga ɗaya ce a ɗakin, tana kallon katanga.

Kada wani ya ce an wulaƙanta Malama. Abinci yana zuwa a kan kari, magani ba ya yankewa, ana wanke mata zane da sabulu mai ƙamshi. Ƙararrawa na kaɗawa za a zo. Abin da babu kawai shi ne mai tsayawa ya ji me take so. Ta kaɗa don sanyi, a kawo ruwa. Ta kaɗa don a juya ta, a kawo ruwa. In ta fara bubbuga hannu tana neman muryar waƙa, kafin ta kai gaɓa ta biyu an ce, "Na gane, Mama, na gane," an dire kofi an fita.

Talatar farko Lauya yana da zaman kotu. Alhamis mota ta lalace. Talata ta gaba matarsa ta ce, "Ni fa tausayi take ba ni. A ciccibe ta, a sa a mota, a sauke, a dawo da ita a gajiye, duk don a je a yi waƙa? In allura ce ko gashin ƙashi, sai a ce." Ba muguwa ba ce matar nan, gajiya ce ta yi mata yawa, ga kuma maƙwabciya da ta tare ta a bakin ƙofa tana tambaya wai gaskiya ne surukarta kwana take tana waƙe-waƙe.

Ƙanen Malama, wanda yara ke kira Kawu, ya zo dubiya wata rana. Da ganinsa zuciyarta ta yi sanyi. Ita ta goya shi. Ta bubbuga gado da sauri ta rera, "Ka-wu, kai ni gun Sis-ta."

Kawu ya sunkuyar da kai, ya yi ta jan gemu. "Yaya, da girmanki? A wannan hali ai ambaton Allah ya kamace ki, ba waƙa ba." Ya juya wajen Lauya da ke bakin ƙofa. "Ka kyauta da ka killace ta, ɗana. Irin wannan a rufa shi a cikin gida ya fi."

Ambaton Allah! Ai da waƙar ce kaɗai take iya kiran sunan Allah a fili. Ta so ta gaya masa haka. Kalmomin suka taru a bayan haƙora, suka koma.

Sau uku Sista tana bugo waya. Na ukun Lauya ya ɗauka a tsakar gida, daidai tagar ɗakin baya. "A'a, Sista, mun gode ƙwarai. Ta samu sauƙi sosai, tana hutawa ne. In da bukata za mu neme ki." Muryarsa sumul, ba gargada ko ɗaya. Malama tana kwance tana sauraron aikin hannunta.

Duk da haka ba ta saduda ba. Da hantsi, in gida ya yi shiru, sai ta yi wa kanta darasi. Ta bubbuga hannu a katifa, ta rera sunayen abubuwan da ke ɗakin: ƙofa, kofi, labule, fanka. Ta san abin da take yi. Ita ta koya wa yara cewa jijiya hanya ce, saƙo na bi ta kanta ya je ya dawo. Ta kuma san abin da ke samun hanyar da aka daina bi. Amma da muryarta ta ɗan ɗaga, sai ta ji an ƙara wa rediyon kicin ƙara.

Wata safiya Lauya ya leƙo zai tafi ofis. Daren jiya ta ji yana tari, abin ya tsaya mata a rai. Ta shirya jimlar tun kafin ya zo, ta maimaita ta a zuci ya fi sau ashirin. Yana shigowa ta rera, a hankali, don kada ta ba shi kunya:

"Ba-ba-na, ka sha ma-ga—"

Ya ɗora yatsa a kan leɓensa. "Shhh, Mama. Direba na waje, zai ji."

Shhh. Abin da ita ba ta taɓa ce masa ba. Ta dube shi, ta dubi yatsan, ta mayar da hannunta cikin bargo. Daga ranar ba wanda ya ƙara jin waƙa a ɗakin baya. Matar Lauya har ta gaya wa maƙwabciya cewa alhamdu lillahi, Mama ta natsu.

Watanni suka shuɗe. "Sannu" ɗin nan da ta samu ita ce ta fara tafiya. Wata rana ta neme ta a baki ba ta same ta ba. Hannun dama ya lanƙwashe ya manne a ƙirji, yatsu suka dunƙule. Mai aikin ta bar gidan, aka kawo wata da ba ta san cewa tsohuwar nan ta taɓa magana ba, tana juya ta kamar buhu tana hira a waya. A gabanta ake zancen ta. "Ai ba ta san inda take ba." Tana ji. Komai tana ji, wannan shi ne azabar.

Sai ƙugunta na dama ya fara ciwo saboda yawan kwanciya a gefe ɗaya. Da farko ba ta ji sosai ba, don ɓangaren ya yi nauyi. Da gyambon ya ci ciki, zafin ya riƙa hawa har tsakar kanta. Ta kaɗa ƙararrawa, aka kawo ruwa. Ta kaɗa, aka kawo shayi. Ta nuna ƙugu, aka gyara mata bargo. Matar Lauya ta ce, "Mama kuma ta koyi wasa da ƙararrawar nan." Sai da wari ya cika ɗakin, zazzaɓi ya rufe ta, sannan aka ɗaga zane aka gani. Aka yi salati, aka kwashe ta sai asibiti. Wata tara ke nan rabonta da wurin.

A kwana na huɗu, zazzaɓi ya sauka, Sista ta shigo ɗakin marasa lafiya na mata don duba wata majinyaciya. Ta wuce gadon Malama, ta ja ta tsaya, ta dawo da baya.

"Malama?"

Ta dubi hannun da ya lanƙwashe, ta dubi ƙararrawar da aka taho da ita aka ajiye a gefen matashi, ta dubi Lauya da ke zaune a kujera. Ta zauna, ta kama hannun hagun, ta fara bubbugawa. "I-na son ru-wa. I-na son ru-wa."

Allah ya sani Malama ta yi ƙoƙari. Ba fushi take ba, ba kuma horon kowa take yi ba. Ta nemi hanyar nan ta dama da ta taɓa bi, ta laluba, ta laluba. Sau bakwai, sau goma, sau ashirin. Iska kawai ke fita.

Sista ta ajiye hannun. "Yaushe rabonta da rerawa?"

Lauya ya buɗe baki. "S-s-s... Sista, m-m-mun..." Ya runtse ido, ƙafarsa ta buga ƙasa. Shekara talatin da wani abu rabonsa da haka. Malama ta ji kamar an soka mata wuƙa, don har yanzu ɗanta ne.

"Ba zan ce ƙofa ta rufe ba," in ji Sista. "Za mu gwada, wasu kan samu wani abu ko bayan shekara. Amma watannin da na roƙe ka, sun wuce, kuma ba a sayo su." Ta miƙe. "Ciwon ya ɗauke mata hanya ɗaya, ya bar mata ɗaya. Wannan ta biyun ba ciwo ne ya toshe ta ba."

Ta tafi. Gadaje goma sha biyu ne a ɗakin, kowanne da masu jinya, lokacin ziyara ne kuma, wuri ya cika. Lauya ya sauko daga kujera ya durƙusa a kan siminti da kwat ɗinsa. Ya kama hannun uwarsa ya shiga bubbugawa a gefen gado, kamar yadda ya ga an yi, kamar yadda aka taɓa yi masa. Ya rera da ƙarfi, kowa na kallo:

"Ƙwaƙwalwa a ƙoƙon kai,
laka a ƙashin baya..."

Yanzu ya iya. Yanzu da babu shugaban ofis, babu direba, babu maƙwabciya, sai baƙin da ba su san shi ba, kunya ta sake shi. Mutunci aka ce ana karewa. To ga mutuncin nan kwance da gyambo a ƙugu. An ciyar da ita, an shayar da ita, an wanke mata zane, an kuma karɓe abu ɗaya tak da ta roƙa, wanda ba ya cin ko sisi: a tsaya a saurare ta har ta kai ƙarshen jimla.

"Jijiyoyi 'yan aike," Lauya ya rera, hawaye na bin gemunsa, "su kai, su komo da..."

Ya tsaya. Ya bar mata kalmar ƙarshe, kamar yadda takan bar wa 'yan aji biyar. "Mama, ƙarasa. Don Allah, Mama. Ko da waƙar ce."

Kalmar tana nan. Malama tana ganin ta ƙiri-ƙiri, gaɓa biyu kacal, a tsaye a bayan haƙora. Ta so ta ba shi ita, ta so ta ce ya tashi daga ƙasa kada sanyi ya kama shi, ta so ta ce ya sha maganin tarin nan. Leɓɓanta suka yi rawa, suka tsaya.

Ta zare hannunta daga nasa a hankali. Ta laluba gefen matashi, ta ɗauko ƙararrawar da ya saya mata, ta kaɗa masa sau ɗaya.